Ruwan Zafi a Bayan Matatsar Riɗi

Ranar da abin ya fara, Wijdan na soya gahawa a tsakar gida, ladan bai ƙarasa kiran magariba ba, sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Aka ce yaran maƙwabta ne. Na biyu ya faɗo gaban mijinta Faisal, ya ɗauka, ya yar da sauri. Zafi ne da shi kamar daga murhu aka ciro shi.

Faisal ne ya gaji matatsar man riɗin da ke manne da gidansu a garin Gadarif. Mutum ne mai rawar kai a kan sabon abu. Bayan girbin riɗi ya haɗa injin da famfunan da wani wakili na ƙirƙirarriyar basira, wanda ba ya gani ba ya ji, sai dai ya karanta bayanin da aka rubuta wa kowane aiki, ya zaɓi wanda zai yi. Faisal da hannunsa ya rubuta bayanan, ya gwada sau goma, sau goma wakilin ya zaɓi daidai. Ya yi mako yana cika baki, uwarsa Hajiya Halima tana jinsa tana jan carbinta.

Kwana uku ana jifa, kullum da faɗuwar rana. A na huɗu aka tarar da Lamis, 'yarsu mai shekara tara, tsaye a bakin magudanar bayan matatsa, idonta a kafe. Daga nan ta daina magana, ta daina shan ruwa. Ko buta ta gani sai ta ƙanƙame jiki tana ihu. Likita ya duba bai ga komai ba. Faisal ya zauna gefen gadonta yana kallon leɓenta na tsagewa, tsoro ya cika shi har ya kasa haɗa ido da Wijdan.

Hajiya ce ta aika garin Basunda aka zo da Faki Iliya, tsohon malami marar yawan magana. Ya jira rana ta yi ja, gidan ya yi tsit, sannan ya fara karatu. Can sai bakin yarinyar ya buɗe, murya ta fito, ta mace babba, a dishe.

"Wa ya zuba?"

"Me aka zuba, baiwar Allah?" in ji Faki.

"Ruwan zafi. A kan ɗana. Shekara arba'in muna bi ta magudanar nan da magariba. Tsohon mai gidan ba ya zubarwa sai da hantsi, sai ya yi bisimilla mun kauce."

Hajiya ta rufe fuska. Faisal ya ce, "Wallahi ba mutum ba ne, na'ura ce."

"Wa ya gaya mata?" in ji muryar. "Karanto abin da ka gaya mata."

Ya ciro waya, ya karanta: "Buɗe famfon baya. Yana zubar da ruwan wanke inji idan an gama aiki."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ka ce ruwa, ba ka ce tafasasshe ba. Ka faɗi inda zai fito, ba ka faɗi inda zai sauka ba. Ka gaya mata lokacin yi, ina lokacin bari? Makaho ka aika da wuta, kai ɗan Adam. Ɗa da ɗiya, mun yi daidai."

Wijdan ta zube ƙasa. Faki bai ɗaga murya ba. Ya ce yarinya ba ta zuba komai ba, kuma wanda ya ɗauki fansa a kan marar laifi zai amsa a gaban wanda ya halicci mutum da aljan.

"To ya sake rubutawa ina ji," in ji muryar.

Faisal ya rubuta cewa ruwan tafasasshe ne, yana sauka inda ake wucewa, kada a buɗe daga la'asar har gari ya waye. Ya ce zai sa lasifika ta riƙa yin bisimilla. Muryar ta yi wata irin dariya.

"Murya ba mai ita? Mutum nake so, da ƙafarsa."

Ya ƙara layi: kada a buɗe sai mutum ya tsaya a wurin ya ba da izini. Ya karanta mata sau biyu.

"Ya isa. Ga ɗiyarka nan. Nawa ɗazu da la'asar muka binne shi."

Lamis ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Ta nemi ruwa, ta shanye kofi biyu, uwarta na kuka tana shafa mata kai. Sannan ta juyo ga ubanta.

"Yaba, akwai wani yaro da ya yi ta kuka kusa da ni. Yanzu ya yi shiru. Ya warke ko?"

Faisal ya dubi Faki, Faki ya sunkuyar da kai. Yarinyar ta riƙe hannun ubanta tana jiran amsa.