Na'urar da Ke Jiƙewa Sau Huɗu

Da hantsi Tasalla ta buɗa ganyen tumatirinta, ta tarar da rami inda na'urar auna danshin ƙasa take kafe a da. Kwana shida ke nan famfon ƙungiyar manoman rani bai sako mata ruwa ba, shukar ta fara lanƙwashewa.

Sufeto Jalaluddeen ya zo daga Roni a kan babur. Shi dai ɓarayin awaki ya sani, wannan kuwa tun daga bayanin farko kansa ya ɗaure.

"Batirin na'urorin nan ƙarami ne, yallaɓai," in ji Sa'adiyya, injiniyar ƙungiyar. "Saƙonsu ba ya wuce taku ɗari biyu. Kowace sai ta miƙa wa maƙwabciyarta, har ya isa wadda ke da intanet. Gonar da ta ce ta bushe, ita ake ba ruwa."

"To, an sace ta Tasalla," in ji Sufeto.

"An sace. Amma ɗazu ta aiko saƙo, wai gonar jiƙe take sharkaf."

Sufeto ya dubi busasshiyar ƙasa, ya dubi wayar Sa'adiyya, ya rasa wadda zai ƙaryata.

Manoma suka ce Shafi'i makiyayi ne, don an ga shanunsa a bakin shinge.

"Ina rugarku?" Sufeto ya tambaye shi.

"Bayan dutsen can, ranka ya daɗe."

Tafiyar rabin awa ce, saƙo ba zai kai ba. Sufeto ya sallame shi. Haka ma wani mai gyaran waya na Kazaure da aka zarga. Abin ya ƙara rikicewa: kayan sata yana kusa, yana magana, an rasa shi.

Ya zauna gindin mangwaro yana bin lissafin danshin a wayar Sa'adiyya. Kullum sau huɗu yake tashi: kafin fitowar rana, ƙarfe biyu, ƙarfe huɗu, faɗuwar rana. Ranar Juma'a babu na ƙarfe biyu. Ya kusa cewa salla ce, amma salla biyar ce. Ya daɗe yana sosa ƙeya.

Sai ya nufi bukkar Baba Daudu mai gadi, wanda shi kaɗai ke kwana a fadamar, albasarsa kuma koriya shar.

"Baba, a ina kake sallar Juma'a?"

"Cikin gari."

"Isha'i fa, kana sake alwala?"

"A'a, ta magariba ke kai ni."

Sufeto ya ɗaga dutsen da tsohon ke tsugunawa a kai da buta in zai yi alwala. Ga na'urar a soke cikin laka.

"Famfo ɗaya ne," Sufeto ya gaya wa manoman da suka taru. "Muddin na'urar Tasalla tana cikin ruwa, rabonta na gonar da ke biye ne, wato albasar Baba Daudu. Ya zaɓi wurin da ba ya bushewa, bai san tana rubuta lokaci ba."

Sa'adiyya ta buɗe famfo. Ruwa ya bi kunya kunya, amma layuka uku na farko sun riga sun mutu. Tasalla ba ta yi faɗa ba, baƙin ciki ne ya cika ta.

"Baba, kullum ni nake kawo maka tuwo," ta ce. "Ina gaya maka shukata na mutuwa, kana cewa in yi haƙuri."