Malamar Da Ba Ta Mayar Da Kallo

Ranar da mai gyaran waya ya fara zuwa ajin Turanci na manya, darasin kallo ake yi. Malama ta rubuta a allo da manyan baƙaƙe: steal a glance.

"Wato satar kallo," in ji ta. "Wa zai sa mini a jimla?"

"Malama, ga wani nan yana yi a aikace," in ji wani direba daga baya. Aji ya kwashe da dariya. Mai gyara ya sunkuyar da kai, don da shi ake.

Tun daga ranar bai taɓa fashin aji ba. Ya haddace yadda Turawa ke faɗin leƙe da kallon gefen ido, amma ko sau ɗaya idonta bai sauka a kansa ba. Ya nemi lambarta ya rubuta:

"Malamata, darasi ya zauna, zuciyata ce ta ƙi zama. Ki ba ni izini in zo in gaida Baba."

Shiru. Ga kuma wani mai mota da ke zuwa ɗaukarta kullum, tana riƙe da hannun rigarsa. Ranar da abin ya ishe shi ya tsaya bayan an tashi.

"Da kin ce mini an riga ni, da na haƙura."

"Yayana ne," ta ce a hankali. "Saƙonka kuwa ban iya karantawa ba, na kuma ji kunyar a karanta mini. Muryarka na sani, ɗalibina. Fuskarka sai ka matso."

Tun tana sakandare take cewa gefen idonta na duhu. A gida aka ce yawan karatu ne, ta yi haƙuri. Wannan haƙurin namu da ba ya kai yaro asibiti shi ya cinye mata ido. Da aka je, likita ya ce abin da ya tafi ya tafi, sauran ma lallaɓa shi za a yi.

Ya koma gida ya faɗa cewa Malama yake son aura.

Innarsa ta ce ba da ita ba. "Ina tausayinta, wallahi. Amma wa zai riƙe maka gida?"

"Inna, da ni ne fa?"

"Ba kai ba ne. Ka bar maganar."

Ya daina rubutu, ya koma tura murya. Ita kuma ta amsa masa: "Ka bi maganar Inna, masoyi. Ka dai kai ni in gaishe ta sau ɗaya, kada ta ɗauka na riƙe ta a zuciya."

Inna ta karɓe ta ba yabo ba fallasa. Suna zaune Inna ta miƙa hannu ta ture kofin da ke gefenta, can kuma da ta tashi kafaɗarta ta bugi ƙofa. Malama ta ji ƙarar, ta ɗago kai.

"Inna, don Allah gobe a duba idonki. Haka nawa ya fara."

"Tsufa ne kawai, yarinya."

"Ni ma an ce karatu ne kawai."

Da safe ya tsaya a kan Inna sai da ta shiga mota. Ciwon ne, amma an tare shi da wuri. A hanyar dawowa Inna hawaye kawai take sharewa da gefen mayafi.

Idon Malama bai dawo ba. Kafin a ɗaura aure ta bar koyarwa, don allon ma ya ɓace mata.

Da aka kai ta ɗakinta, Inna ce ta kama hannunta tana zagayawa da ita. "Ga gado nan, 'yata. Nan taga ce. A nan akwai tudu, ki ɗaga ƙafa." Ta juyo kan ɗanta. "Kai kuma, ka kuskura ka gusar da kujera ba ka faɗa mata ba, ni da kai ne."

Ta haɗa hannayensu. "Allah ya yi muku albarka."