Amsar da Amira Ta Rubuta

"Amira! Wa ya rubuta wannan?"

Yaya Rabilu ne tsaye a ƙofar biro, ofishin da take aiki, wayar salula a hannu, idanunsa jajir. Ko sallama bai yi ba.

Amira ta miƙe daga kujerarta.

Ta karɓi salular ta duba. Kalmominta ne, ita ta buga su jiya da safe: "Ba ni biro daga Litinin zuwa Alhamis. Na tafi Ɗan Kassari jinyar kakata. Mus'ab."

Wayyo Amira, kin yi aika-aika!

Jiya ne Mus'ab, malamin gona na furojen raya noma da take wa sakatariya a Dogon Dutsi, ya faɗo mata a gigice.

"Amirata, jikin Kaka ya tsananta. Kabu-kabu na jirana. Ki sa mini amsar nan mai tafiya da kanta ga duk wanda ya turo saƙo ta mel."

Ta buɗe ordinata, kwamfutar biron, ta sa ranar farawa da ta ƙarewa, ta danna. Tausayi ya sa ta zuba gaskiya tsirararta, ta manta sam yayanta ne ke kawo wa furojen irin wake, kuma ta mel yake sanar da ranar kawowa.

Ga kuma sharaɗin Baba. Kakar Mus'ab 'yar bori ce, ita ta raine shi tun yana maraya. Baba ya ce zai ba shi Amira in ya daina taka gidan tsohuwar. Wata biyar Mus'ab ya daure, saura sati uku ɗaurin aure.

"Yaya, don Allah... rai ne fa a hannun Allah."

"Tashi mu je gida!"

Rabilu dama abin da yake jira ke nan, abokinsa Luƙman yake wa kamun ƙafar auren Amira tun bara.

Baba na zaure yana jiran azahar. Ya karanta saƙon sau biyu, ya cire tabarau ya ajiye a hankali. Sannan ya dubi Amira.

"Kin san da tafiyar?"

"Na sani, Baba."

"Kira shi. Ki buɗe murya kowa ya ji."

Tun jiya take neman Mus'ab babu rezo, layi ba ya zuwa. Ta yi ta addu'a a zuci kada wayar ta shiga.

Ta shiga.

Can nesa ana jin kukan mata.

"Mus'ab, ni ne," in ji Baba. "Ina alƙawarinmu?"

"Ina wuni, Baba." Muryarsa ta dishe, da ƙyar Amira ta gane ta. "Yanzu muka dawo daga maƙabarta."

Amira ta toshe baki da gyale.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," Baba ya faɗa, jikinsa ya yi sanyi.

Rabilu ya taɓe baki. "To ai an huta."

"Rufe mini baki!" Baba ya daka masa tsawa, sannan ya sassauta murya. "Ka yi haƙuri, ɗana. In an share makoki ka zo. Maganar aure na nan, tunda abin da ya hana ya kau."

Wani daɗi ya tsirga wa Amira, ta ji kunyar kanta.

Sai Mus'ab ya ce:

"Baba, sau huɗu tana aiko mini in zo, ina cewa aiki ya yi yawa. Ina isa jiya na tarar ba ta gane kowa. Ta riƙe hannuna tana tambayata ko na san jikanta Mus'ab, in faɗa masa tana cigiya."

"Masoyina..." Amira ta manta Baba na wurin.

"Amira, ba ki yi laifi ba, ke ce ma kika faɗi gaskiyar da na kasa faɗa. Ina son ki, Allah shaida. Amma duk ranar da na dube ki zan tuna abin da na yi don in same ki."

"Kar ka yi mini haka! Zan zo, yau ɗin nan zan zo!"

"Baba, na janye. Ku yafe ni."

Wayar ta katse.

Amira ta sake kira, ta sake, ta sake. Tana shiga, ba a ɗauka.