Bindigogin Siton Alhaji Badaru

"Ni dai na gaji da riƙe icce, Oga!"

Liti ne ya faɗa, ya yi jifa da abin da ke hannunsa. Ƙotar fartanya ce aka sassaƙa, aka naɗe ta da baƙin salatif. Daga nesa sai ka rantse bindiga ce.

Su uku ne a tsakiyar gonar rake, can bayan Gwangwan, rana tsaka. Barau, ogansu, yana zaune a kan babur, bindiga ɗaya tilo da ƙungiyar ta mallaka tana kan cinyarsa. Mujahid, mai tuƙa su, yana shan rake yana tofar da tuƙa.

"Aikin da muka yi a hanyar Rogo," Liti ya ci gaba, "na nuna wa wata tsohuwa wannan abin, na ce ta kwanta. Ta dube ni ta ce, 'Yaro, ledarka ta ɓare.' Wallahi 'yan motar suna kwance suna dariya!"

"Ka gama?"

"Ban gama ba. Kowa a ba shi ƙarfe."

"Ba za a bayar ba," in ji Barau. "Bindiga ba abin kowa da kowa ba ce. Kai da ko gardamar ƙwallo ba ka iya yi sai ka zaro wuƙa? Tsari ake bi. Ƙarfe a hannun hukuma yake zama."

"Wace hukumar?"

"Ni."

Mujahid ya goge baki. "To ai ga ƙarafa can sun yi wa mutane yawa a Gidan Tsamiya, ta wajen Yammedi. Tun da aka kore musu shanu bara, kowa ya sayi tasa. Yanzu gari ya rabu biyu. Gobe dagaci zai yi taro a kai."

Barau ya ɗago kai. Tasa ta tsufa, harsashi ya kusa ƙarewa. Kuma bindiga kaya ce, akwai masu saye a daji.

"Liti, wanke min farar rigata," ya ce. "Gobe za mu taro."

*

An cika filin firamare. Alhaji Badaru, dillalin gyaɗa, shi ne jagoran masu bindiga. Ya zo da tasa mai baki biyu a rataye, duk juyin da ya yi sai na kusa da shi su sunkuya.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa dagaci, "ranar da aka kore shanun ƙanena, tun hantsi muke buga waya. Ba a zo ba sai bayan la'asar, aka tambaye mu launin shanun. To ni na daina jiran kowa. Gidana, iyalina, bindigata!"

Aka tafa.

Malam Hanif, tsohon hedimasta, ya miƙe yana gyara tabarau. "Ina da tambaya. Tun da bindigogin nan suka shigo garin nan, ɓarawo nawa aka harbe? Babu ko ɗaya. An harbe jakin mai unguwa. An huda tankin masallaci. Ranar ɗaurin aure an yi harbin murna, har yau ango a tsaye yake cin abinci. A tattara su a kai wa hukuma!"

Aka sake tafawa, har da waɗanda suka tafa da farko.

Dagaci ya ce kowa ya faɗi dalilinsa na saye. Wani ya ce birai ne suke cinye masa masara. Wani ya ce maƙwabcinsa ya saya, kuma suna rikicin iyakar gona. Maƙwabcin ya miƙe ya ce shi ma don shi ya saya.

Sai ga murya ta tagar aji, inda mata suka taru. Hajiya Saude ce, matar Badaru.

"Ranka ya daɗe, ni dai a raba ni da ita. Ko tari na yi a tsakar gida sai in ji 'Waye nan?' Rannan da buta a hannuna na ɗaga hannu sama!"

Fili ya kaure. Masu bindiga suna ihu, marasa bindiga suna ihu daga ɗan nesa. Nan ne wani baƙo mai farar babbar riga da carbi ya yi gyaran murya, ya nemi izini. Ya ce shi ɗan kasuwa ne, hatsi ya zo saye.

"Allah ya ba ka nasara, ni baƙo ne, amma na yi yawo. Alhaji yana da gaskiya. Malam ma yana da gaskiya. Kada a kai wa hukuma, kada kuma a bar su a gidaje. A tara su wuri ɗaya, a sa kwaɗo biyu. Makulli ɗaya a wurin Alhaji, ɗaya a wurin Malam. In ɓarayi suka zo, a buɗe a raba."

Sai dagaci ya ce, "Kai, Allah ya yi maka albarka, bawan Allah!"

Badaru ya koma gida yana cewa ya yi nasara, tunda a sitonsa na gyaɗa za a ajiye. Malam Hanif ya koma yana cewa shi ya yi nasara, tunda an raba mahaukata da makami. Baƙon kuwa har fura aka kai masa. Ya sha, ya yi wa garin addu'ar zaman lafiya, ya hau bayan Mujahid.

Aka ɗauki Hamma gadin siton, wani dattijo da bai ma je taron ba, yana gona. Makaminsa gora.

*

Ranar Juma'a, maza sun tafi masallaci Yammedi. Gari ya rage mata da awaki.

Babur ya tsaya ƙiii a ƙofar sito.

"Kwanta, tsoho!"

Liti ya hankaɗe Hamma, ya faɗi a gindin bango. Barau bai ko dubi kwaɗunan ba. Ya zura ƙarfen taya ta ɗaya gefen ƙofar, ya banƙare. Ƙofa ta faɗi gaba ɗaya, kwaɗunanta biyu a kulle.

Ga su nan jere a kan buhunan gyaɗa. Baushe, adaka, ƙirar gida iri-iri. Wata ma an ɗaura mata laya.

"Zuba a buhu! Maza!"

"Kai! Ku tsaya nan!"

Alhaji Badaru ne, daga shi sai singileti. Bai je Juma'a ba, ya ce ƙafa ce. Gaskiyar kuwa, tasa mai baki biyu ba ta taɓa shiga sito ba, tana ƙarƙashin gadon Hajiya. Yanzu ga ta a hannunsa.

"Zan harba — wallahi zan harba!"

Ya matsa kunama. Shiru. Ya sake matsawa. Shiru.

"Alhaji," Barau ya ce cikin ladabi, "ba ka buɗe ta ba. Akwai ɗan makulli a nan sama. Kawo in nuna maka."

Badaru ya miƙa masa. Sai da ta bar hannunsa ya gane fuskar.

"La ilaha illallahu! Mai hatsi!"

"Ga shi, haka ake turawa." Barau ya tura, ta yi ƙas. Ya miƙa wa Liti. "Riƙe min in ɗaure buhu. Kada ka taɓa komai. Alhaji, kwanta, ka ba da makullin babur ɗinka."

Badaru ya kwanta.

Ba wanda ya kula da Hamma. An ba shi amanar ƙofa, kuma ya karɓa. Ya lallaɓa ya ɗauki gorarsa, ya miƙe, ya sauke wa Mujahid ita a kafaɗa — tim!

"Wayyo!"

Liti ya juya. Bai yi tunani ba. Yatsansa yana wurin.

Daram!

Hamma ya koma da baya, ya zauna a jikin bango, gorar tana hannunsa. Ya dubi ƙirjinsa kamar mai mamaki. Bai sake motsi ba.

"Uban wa ya ce ka harba?" Barau ya daka tsawa. "Hau! Ku hau!"

Babura biyu suka fice. A cikin gida, Hajiya Saude tana durƙushe bayan turmi, waya a kunne.

*

Sufeto Lukumanu, na wani ƙaramin ofishin 'yan sanda da ke yankin, ya tarar motarsu tana wurin makanike. Ya tara yaransa, suka hau baburan 'yan sintiri. Ko da suka iso, masallata sun dawo, an rufe Hamma da zane.

"Me aka ɗauka?" ya tambaya.

Aka dubi juna. Babu mai lasisi ko ɗaya a garin.

"Gyaɗa, ranka ya daɗe," in ji Badaru.

"Gyaɗa? A kashe mutum a kan gyaɗa, kuma ga buhuna ba a taɓa ba?"

"Gyaɗa ce ta musamman."

"Malam, kai fa?"

Malam Hanif ya gyara tabarau. "Ni dai tun farko na faɗa musu..."

"Ka faɗa musu me?"

Ya tura hannu aljihu ya danne makulli.

"Bindigogi ne, yallaɓai!" Saude ta faɗa daga zaure. "Na garin nan kaf, cike da buhu. Su uku ne, sun bi hanyar rafi ta Gwangwan. Ku bar waɗannan, ku bi su!"

Sufeto ya dubi mazan garin ɗaya bayan ɗaya. "Kada wanda ya bar garin nan," ya ce. Ya juya ga yaransa. "Da, mutum uku muke bi da bindiga ɗaya. Yanzu kowa ya yi ta kansa da addu'a. Mu je!"

*

A bakin rafi suka tsaya, inda yashi ya hana babur gudu. Liti ya sauka, ya durƙusa gefen ruwa yana amai. Amma bai saki mai baki biyun ba.

"Kawo ƙarfen nan," in ji Barau.

"Ba zan bayar ba."

"Liti!"

"Na ce ba zan bayar ba, Oga. Na gama riƙe icce."

Barau ya yi murmushi, ya ja Mujahid gefe, bayan wata giginya.

"Yaron nan ya jawo mana igiya," ya ce a hankali. "Fashi daban, kisa daban. A nan za mu bar shi. Ka ja shi da magana, ni zan zagaya."

"Ni kuma fa?"

"Kai ai nawa ne. Mu raba biyu."

Mujahid ya gyaɗa kai. Ya san Barau. Wanda bai yarda a raba bindiga tsakanin mutum uku ba, ba zai raba buhu gida biyu ba. Ya taka wajen babur kamar zai duba taya, ya zura hannu cikin buhu, ya jawo wadda ta fara zuwa. Wata adaka ce, mai ita ya ɗura mata albarushi har wuya don birai.

"Liti! Kashe ka zai yi!"

Barau ya juyo, yana jawo tasa daga baya. Mujahid ya saita, ya danna —

Bam!

Bindigar ce ta fashe. Hayaƙi ya turnuƙe. Mujahid ya faɗi yana birgima a yashi, yana riƙe da abin da ya rage na hannunsa.

"Shege maci amana!" Barau ya ɗaga tasa kansa.

Daram!

Liti ne, bakin bindigarsa na biyu ke nan. Barau ya tafi da fuska cikin ruwa, farar hularsa ta bi rafi.

Liti ya tsaya yana haki. Ga buhu, ga babura biyu, ga shi shi kaɗai. Bai iya tuƙi ba. Ya saɓa buhun a kafaɗa ya faɗa fadama da gudu. Nauyin ya nutsar da shi cikin taɓo har gwiwa.

Ƙarar ce ta yi wa 'yan sanda jagora.

"Ajiye! Hannu sama!"

Ya matsa kunama. Babu komai a ciki. Ya saki, ya ɗaga hannu, ya fashe da kuka.

"Ban san tsohon ba, yallaɓai. Wallahi ko sunansa ban sani ba."

"Hamma," in ji Sufeto Lukumanu, ya danna masa ankwa.

*

Barau ya tafi ba mai yi masa salla sai ma'aikatan asibiti. Mujahid ya rasa hannun dama, yana kwance da sarƙa a ƙafa. Liti yana jiran shari'ar kisa. Bindigogin Gidan Tsamiya kuwa sun isa hannun hukuma, ta hanyar da ba wanda ya tsara.

Aka kwashi masu su, aka haɗa da Malam Hanif, tunda makulli a aljihunsa aka samu. Ɗaki ɗaya aka sa shi da Badaru. Ɗan sandan da ke tsaron ɗakin ya ce ba su bar kowa ya runtsa ba. Ɗaya yana cewa da kowa yana da tasa a gida da an yi maganin ɓarayin. Ɗaya yana cewa da babu ko ɗaya a garin da ba su zo ba.

An ba da belinsu ana gobe sadakar bakwai. Washegari suka je ƙofar gidan Hamma, suka zauna a tabarma, aka yi addu'a, aka shafa. Ba a jima ba wani ya ce, "Ai da Hamma yana da bindiga..." Wani ya ce, "Da me?" Murya ta fara hawa. Badaru ya miƙe. Malam Hanif ya cire tabarau.

Sai labulen zaure ya motsa. Rekiya ce, matar mamacin, tana takaba, ba ta fito ba. Muryarta kawai aka ji, ba da ƙarfi ba.

"Alhaji. Malam. An ce har yanzu ba ku gama ba."

"Shi bai saya ba, bai ce a saya ba, bai ce a tara ba. Ƙofa kuka ba shi, ya tsare muku. Yanzu ga 'ya'yansa nan a ciki, ga gonarsa ba a cire gyaɗa ba. In gardama za ku yi, ku naɗe min tabarmata, ku je can."

Ba wanda ya ɗaga kai. Can Badaru ya jawo takalminsa. Malam Hanif ya jawo nasa. Suka bi hanyar gonar Hamma, ɗaya a gefen dama, ɗaya a gefen hagu, ba mai ce wa wani uffan.