Jan Zaren Tsoho Zerbe

Ku matso, amma kowa ya ajiye abin da yake taunawa. Wannan labarin ba ya shiri da cin abinci.

Ni ne Chet. Shekara huɗu na yi a ƙungiyar kokawa ta jami'armu a Pennsylvania, ban taɓa taka katifar kokawa ranar gasa ba. Benci ya san ni, na san shi. Amma mai zaman benci shi ke ganin komai, kuma ni ke da mota.

A ajin masu laba ɗari da hamsin da bakwai gurbi ɗaya ne, mutum biyu ke nema: Lyle Hostetler da Tobin Wasko, abokan ɗaki. Tobin haka aka halicce shi, ya ci ya sha, sikeli ya tsaya daidai. Lyle kuwa jikinsa na ɗari da saba'in da biyar ne. Kullum yana gudu cikin rigar leda, yana tauna cingam yana tofa yawu a gora don ya rage rabin laba. Kafin ya kai awo ya zama tsumma, Tobin ya naɗe shi ya ajiye.

Koci Petrak ya ce, "Ƙarshen Oktoba za ku kara. Wanda ya ci, gurbi nasa, karatu kyauta nasa. Wanda ya faɗi, ga Chet can yana neman abokin hira."

Wata Lahadi da tsakar rana Lyle ya faɗo motata, leɓɓansa duk sun tsage.

"Kai ni gonar Tsoho Zerbe."

"Mai yi wa shanu tofi? Saniya ka zama?"

"Tuƙa, ɗan iska."

Rumbun tsohon yana bayan wani kwari. An zana taurari a bangonsa, fentin ya koɗe. A waje rana tsaka, a ciki duhu da sanyi, ga warin toka da tsohon kitse. Ƙugiyoyin rataye alade suna lilo, kuma babu iska. A tsakiya akwai sikelin mahauta, gefensa tukunyar garwashi. Ni a bakin ƙofa na tsaya, don ƙafata ta fi ni hankali.

Tsohon bai ko ɗago ba. "Me kake so?"

"In ci in ƙoshi, sikeli ya tsaya daidai. In kayar da Tobin."

Tsohon ya jawo wani jan zare. "Kakannina da zaren nan suke warkar da yaro mai rama. Kai juya shi kake so a yi."

"Nawa?"

"Riƙe dalarka. Nama ake biya da shi. Ka zauna tebur ɗaya da Tobin ɗin. Kai ka ci, jikinsa ya biya."

"Shi kaɗai, ko?"

"Shi ka kawo mini," in ji tsohon.

Na rantse ko ni na ji amsar nan ba ta cika ba. Amma Lyle har ya tuɓe, ya hau sikeli daga shi sai ɗan kamfai, yadda muke yi ranar awo. Tsohon ya auna shi da jan zare daga tsakar ka zuwa diddige, sau uku, yana raɗa cikin Jamusancin tsofaffi. Ya naɗe zaren a jikin ɗanyen ƙwai, ya binne a garwashi. Ƙwan ya fashe, zaren bai ƙone ba. Ya ɗaura wa Lyle a ƙugu. Ina kallo allurar sikelin ta sauko da kanta, ta tsaya cak a ɗari da hamsin da bakwai.

Washegari a ɗakin cin abinci Lyle ya zauna gaban Tobin da faranti uku: taliya, soyayyen dankali, burodi shaƙe da nama da cuku.

Tobin ya yi dariya. "Ka haƙura ke nan, ƙato? Chet, share masa benci!"

Cikin sati biyu wandon Tobin ya fara zamewa. Ranar karawa, Lyle ya danne kafaɗunsa cikin minti ɗaya da rabi, muna jin ƙashinsa yana ƙara, alƙalin wasa ya buga katifa alamar an gama. Daga nan sai asibiti. Likitoci suka yi ta awo, ba su ga komai ba.

Lyle fa ya tashi. Gasa tara bai faɗi ba. Wani mai sayar da motoci ya ba shi sabuwar a-kori-kura, aka manna hotonsa a bakin babban titi, kamfanin takalma ya kira shi. Ni da na san zance, in ya kira ni cin abinci kullum da uzurina: "Na ci abinci, maigida, cikina ya cika." Ni, Chet, da ba a taɓa ji na ce na ƙoshi ba.

Sai bikin Godiya na Amurkawa ya zo a ƙarshen Nuwamba. Duk ɗan kokawa ya san wannan ranar baƙin ciki ce: dangi na yagar talotalo, kai kana tsotsar ƙanƙara. Shekara takwas Mama Darlene, uwar Lyle, tana ajiye masa faranti yana turewa. Bana ya zauna. Ga babansa Dale, ga ƙanwarsa Josie. Ya ci, ya ƙara, ya sake ƙarawa. Uwar ba ta zauna ba, tana tsaye tana zuba musu, har da hawaye: "Yau ɗana ya ci girkina."

Tobin ya mutu a Janairu. Mu shida muka ɗauki akwatin gawar, ni kaɗai ma na isa. Baba Dale, mutumin da ke ɗaga ɗan maraƙi shi kaɗai, ya bi shi a Fabrairu. Josie ta kwanta, hannunta kamar tsinken tsintsiya. Mama Darlene ta daina kashe murhu. Tana dafawa tana jerawa gaban kujerar mijinta tana cewa, "Ci mana, Dale, ka rame." Maƙwabta suka fara rufe labule.

Lyle ya gwada ci shi kaɗai a mota. A banza. Duk wanda ya taɓa zama da shi ya riga ya shiga zaren, kowace loma daga jikinsu take fita. Ya gwada daina ci, zaren ya matse ƙugunsa har ya yi jini.

Muka koma rumbun da hantsi. Wannan karon ban yi wasa a hanya ba.

"Cire mini shi!" in ji Lyle.

Tsohon ya tura masa almakashi. "Yanke da kanka. Ƙanwarka za ta tashi, in da sauran numfashi. Amma duk abin da aka cire musu, kanka zai dawo. Rana ɗaya."

"Zan iya kokawa bayan nan?"

Tsohon ya ci gaba da gyara garwashinsa.

A mota na ce, "Yanke mana, Lyle! Josie ce fa!"

Ya juya almakashin a hannunsa. "Gasar ƙasa ran Asabar ce. Kwana shida kawai, Chet. In na sauka, ka san wani zai hau gurbina."

"Wa? Wanda zai hau mun binne shi!"

Ya jefa almakashin cikin jaka.

Ran Asabar ɗin ya ci kofi. Alƙali na ɗaga hannunsa, wayar Koci Petrak na ruri a aljihu. Josie ce ta cika.

A ɗakin canza kaya ya yanke zaren. Ina wajen. Ya faɗi rigingine, kafaɗunsa biyu suka manne da siminti, ƙarar kamar an yar da buhun gishiri daga bene. Mu bakwai muka kama shi, har da manyan ƙarti, ko yatsa bai shiga ƙarƙashinsa ba. Jikinsa bai ƙara ko kaɗan ba, amma nauyin mutum uku ke kansa. Da injin ɗaga kaya aka fitar da shi.

Yanzu yana ƙasan gidansu, don babu gadon da ke ɗaukarsa. Tun muna yara ake koya mana: duk rintsi kada bayanka ya taɓa ƙasa, ka gantsare, ka juya. Har yau yana gwadawa. Wuyansa ya yi ta rawa, kafaɗa ba ta ɗaga ba. Uwarsa na zaune gefe da cokali tana kiransa Dale. Ya ce da ni, "Chet, gaya wa alƙali ya buga katifa mana, ai an danne ni." Babu mai bugawa.

Ni mai surutu ne, na sani, amma wannan ku riƙe. In kana son gurbi, ka je ka kayar da mutum da ƙarfinka. In ka kasa, zo mu zauna, benci na da faɗi. Duk wanda ya ce zai cika maka ciki kyauta, tambaye shi daga jikin wa. Kuma kada ka cire riga sai ya amsa.