Karkataccen Yatsa a Ranar Muhawara

"Cire katin nan daga wuyanki!"

Auta ta tsaya cak a ƙofar zauren taro, hannunta a kan igiyar katin.

"Ban gane ba, Hajiya..."

"Yanzu kuwa za ki gane!" in ji Hajiyar Tsare-tsare, 'yar wan Likita, wadda komai na kamfen ɗinsa sai ya bi ta hannunta. Ta ɗaga waya ta nuna hoto. "Wannan ba ke ce a taron Tsohon Minista ba? Kina ci nan kina ci can! Mun kai ƙorafi, kwamiti ya ce yau ba za ki hau dandamali ba."

"Ai aikina ke nan! Duk wanda ya yi magana fassarawa nake..."

"Sai ki je gida ki fassara."

Yau ce muhawara ta ƙarshe kafin jam'iyya ta fid da gwaninta na takarar shugaban ƙasa, tsakanin Likita da Tsohon Minista. A layin gaba ga wakilai kurame goma sha ɗaya a zaune, cikinsu har da Baba, mahaifinta, mai gyaran agogo. Ita kaɗai ce mai fassara musu da maganar hannu. In ba ta hau ba, haka za su wuni suna kallon leɓɓa na motsi.

Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Auta ta san ba hoton ba ne ciwon Hajiya. Ciwonta Alƙalami ne, saurayin da ke rubuta wa Likita jawabai, wanda Hajiya ta daɗe tana yi wa tayin kanta, shi kuma idonsa ya ƙi sauka daga kan Auta.

Sai dai ko ba Hajiya, soyayyar tasu ta riga ta ci karo da bango. Wata bakwai da suka wuce Alƙalami ya je gaida Baba a shago. Baba bai ko ajiye gilashin da yake duba agogo da shi ba, ya ɗaga hannu ɗaya ya yanke hukunci, Auta na fassarawa.

"Ba zan ba da 'yata ga mai sa wa wani magana a baki ba. Masu ji ta kunne ake kama su, a yi musu daɗin baki su yi tafi. Ni da ido nake zaɓe, kuma ban ga komai a nan ba."

Tun daga ranar ba ta sake yin dariyar kirki ba.

Ta miƙa katin, ta koma can bayan zaure cikin 'yan kallo, hawaye na taruwa a idonta. Kusa da ita wasu wakilai na ta hira.

"Kai wa za ka yi?"

"Wanda ya fi iya baki mana!"

"Ni dai duk kanwar ja ce. Jiya na yi wa wannan tafi, yau zan yi wa wancan."

Ta hango Baba yana waige-waige yana nemanta. Zuciyarta ta karye.

"Auta..."

Ta juya. Alƙalami ne, takardun jawabi a hammatarsa, gumi na tsattsafo masa.

"Sanyin idona, kar ki yi kuka. Riƙe min wannan."

"Ina za ka?"

"Ki dai yi min addu'a."

Ya danƙa mata takardun ya kutsa gaba. Ta ga ya yi magana da shugaban kwamiti, ya nuna layin gaba. Hajiya ta matso da fara'arta tana gyaɗa kai, tunda nasu ne ai ba gardama. Sai ga shi ya hau ɗan akwatin da Auta ke tsayawa a kai.

Me zai yi a can? Mutumin da ko gaisuwa bai iya da hannu ba!

Likita ya kama lasifika ya yi sallama.

Alƙalami ya ɗaga hannuwansa.

Auta ta zuba masa ido.

Sallama ce sak! Ya wuce zuwa godiya, ya shiga zancen asibitoci da ruwan sha, hannuwan na ta tafiya. Nan ya yi tuntuɓe, can ya maimaita, amma magana na fita, ana ganewa. Tsigar jikinta ta tashi. Ikon Allah! Yaushe? A ina?

Sai ta ga kafaɗun 'yan layin gaba na girgiza. Dariya suke yi, suna zungurin juna, suna nuna wani tsoho a ƙarshen layi.

Ta ƙura ido, sai ta gano. Duk alamar da Alƙalami ya yi, yatsansa manuni a karkace yake fita, kamar ƙugiya. Mutum ɗaya ne a duk garin yake magana haka, Kawu mai gyaran takalma, aminin Baba, wanda guduma ta karya wa yatsa tun yana saurayi. Ashe wurinsa bawan Allah ya yi ta zuwa a ɓoye. Ya kwashe darasi, ya haɗa har da karayar, yana zaton haka ake yi!

Kawu ya sunkuyar da kai, sai murmushi yake.

Baba kaɗai ne bai yi dariya ba.

Da Likita ya zauna, Hajiya ta lallaɓa gindin akwatin. Auta ta tashi a gidan da ake karanta leɓe, don haka daga nesa ta ɗauke maganar tsaf.

"Ya isa haka. In wancan ya tashi, ka sauke hannunka."

Tsohon Minista ya tashi, ya gyara murya.

Hannuwan ba su sauka ba.

"Jama'a!" in ji Tsohon Minista. "Kun ji daɗin jawabin Likita? To ba nasa ba ne! Wani yaro yake rubuta masa, shi nasa karantawa. Ku tambaye shi abin da ke shafi na biyu, wallahi bai sani ba! Za ku ba da ƙasa ga mai aron baki?"

Zauren ya ɗauki ihu. Auta ta dafe ƙirji. Ban da ita da Alƙalami, babu mai ji a zauren nan da ya san maganar hannu. Ko da zai rage, ya karkatar, ya ce zancen tituna ake yi, wa zai kama shi?

Fuskar Alƙalami ta yi jawur da kunya. Ya dubi layin gaba.

Ya fassara.

Da yaron da ke rubutawa, da shafi na biyu, da aron bakin, bai bar ko ɗaya ba. Har yanayin raini na fuskar Tsohon Minista sai da ya kwaikwaya, don shi ma cikin maganar yake. Ya tsaya gaban ubangidansa da dubban mutane yana zagin kansa da hannunsa.

Auta ba ta san hawaye na zuba ba sai da ta ji gishiri a bakinta. Ba ta taɓa ganin abin da ya cika mata ido haka ba. Son da take masa a da, ashe wasan yara ne.

A hankali Baba ya juyo, ya ratsa kawunan mutane da ido har ya same ta. Ya ɗaga hannu.

"Haka aka ce?"

Ta ɗaga nata sama, takardu na zubewa ƙasa.

"Haka aka ce, Baba. Bai rage komai ba."

Baba ya gyaɗa kai. Sannan ya juya, ya ɗaga hannuwansa biyu sama yana kaɗa su, tafin kurame ke nan. Goma suka bi shi. Mutanen Tsohon Minista suka ɗauka su ake yi wa, suka ƙara ihu.

Ana tashi Hajiya ta tare shi a bakin matakala.

"Ka ci amanarmu! Kar ka sake taka ofishinmu!"

"Na gode, Hajiya," ya ce, ya ciro katinsa ya miƙa mata. Ta haɗa katuna biyu a hannu ta rasa yadda za ta yi da su.

A farfajiya, rana tsaka, Auta ta cim masa.

"Wata bakwai kana ɓoye min?"

"So nake in roƙi Baba da bakina, ba da naki ba, zuciyata. Ban shirya ba tukuna... amma na ga babu kowa a kan akwatin."

"Ka rasa aikinka fa!"

"Na sani."

Sai ga Baba, Kawu na biye da shi. Alƙalami ya durƙusa har ƙasa, ya ɗaga hannu.

"Baba, ina wuni?"

Baba ya dube shi irin kallon da yake wa cikin agogo.

"Gani ya kori ji," in ji hannun Baba. "Yau na ga abu."

"Baba, to Likita za ka zaɓa?" Auta ta tambaya da hannu.

"Ƙuri'ata sirrina ce. Waɗancan biyun har yanzu ina dubawa." Ya nuna Alƙalami. "Wannan dai na gama."

Ya sunkuya ya kama hannun saurayin, ya riƙe karkataccen yatsan nan, ya miƙar da shi a hankali kamar mai saita allurar agogo. Sannan ya sake shi ya yi magana, sannu-sannu yadda ɗan koyo zai gane.

"Ka turo manyanka. Gobe kuma ka zo shago da safe, ni zan koya maka. Surukina ba zai yi magana da yatsan wani ba."

Kawu ya ɗaga nasa yatsan yana ƙorafi, wai an raina masa ɗalibi.

Auta ta rufe fuska da mayafi, dariya da kuka suka haɗe mata. Ta tsakanin zaren mayafin tana hango Alƙalami a durƙushe, yana cewa "na gode" da hannu, yana sake faɗa, yatsan na komawa karkace Baba na miƙar da shi.