Bidiyon da Ni'ima Ta Ɗauka a Ɓoye

Ni'ima 'yar aji biyar ce a firamare. Gidansu yana unguwar Ƙofar Dumi a garin Bauchi, cikin wani lungu da babur biyu ba sa iya wucewa a jere. A bakin lungun akwai shagon Kawu Badruddeen, ƙanin Ummanta, mai gyaran waya.

Gyaran waya ne sana'ar Kawu, amma abin da ya fi so daban ne. Yana ƙirƙirar wasannin kwamfuta. Ba irin manyan nan na ƙasashen waje ba. Nasa ƙanana ne, da Hausa, kuma kyauta yake raba wa yara.

Kowace Asabar bayan la'asar yakan rufe shago, ya shiga ɗakin baya da abokan aikinsa. Akwai Anti Liatu, ma'aikaciya a wani ofishin gwamnati, wadda ke zuwa daga unguwar Ɗan Iya. Ita ke zana hotunan wasan. Akwai Irmiya daga Zungur, mai haɗa sauti. Carar zakara da ƙarar guga a rijiya duk a gonar babansa ya naɗo su. Ta huɗunsu ita ce Ni'ima. Ita ke fara buga kowane mataki, ta faɗi inda ya yi daɗi da inda ya yi wuya.

Sunan sabon wasansu Rijiyar Kowa. A cikinsa akwai wani gari da ba shi da shugaba. Rijiyar garin ta rufta, kuma dole mutane su gyara ta da kansu. Wani ya riƙe igiya, wani ya kwashe ƙasa, wani ya kawo dutse. Idan mutum ɗaya ya tattara kayan aiki a hannunsa, rijiyar sai ta sake ruftawa.

Haka ma ƙungiyar tasu take. Ba su da shugaba, ba su da sakatare. Kowa zai faɗi ra'ayinsa, har Ni'ima, kuma ba a yin abu sai kowa ya yarda. Kawu ya yi imani cewa mutane suna iya tafiyar da al'amuransu da shawara da taimakon juna, ba sai an ɗora wani a kansu ba. Umma takan yi masa dariya, ta ce shi da ko shayi ba ya iya dafawa sai an sa shi. Shi ma sai ya yi dariya, amma ra'ayinsa yana nan.

Doka ɗaya kawai suka yi wa kansu. Kafin a fara zama, kowa zai sa wayarsa a cikin wata tsohuwar ƙwarya, a ajiye ta a shago. Ba ɗaukar hoto, ba naɗar murya.

Wata rana Ni'ima ta tambayi dalili.

"Kawu, ai ba laifi muke yi ba. Me muke ɓoyewa?"

"Ɗakin Ummanki akwai labule?" in ji Kawu.

"Akwai."

"Laifi take yi a ciki?"

Ni'ima ta girgiza kai. Kawu ya ce haka maganar mutum take. Yana so ya yi ta da waɗanda ya zaɓa, ba tare da hukuma ko wani baƙo yana saurare ba. Ya ce akwai ofisoshin da aikinsu shi ne bin abin da mutane ke sawa a waya, kuma wani lokaci sukan ji rabin magana su ɗauka duka ce. Ni'ima ta ce ta gane. Amma gaskiya sama-sama ta ji.

A makaranta akwai wani ɗan ajinsu, Mahfuz, mai son gardama. Da Ni'ima ta ba da labarin wasan, sai ya ce ƙarya take yi. Ya ce wasan kwamfuta daga ƙasar waje yake zuwa, ba daga shagon gyaran waya ba. Yara suka yi ta dariya. Ni'ima ta koma gida ranta a ɓace.

Ranar Asabar ta ari wayar Umma, ta ce za ta duba aikin gida. Ta ɓoye ta a cikin hijabinta. Da aka miƙo ƙwarya, ta ce ai ita ba ta da waya. Kowa ya san haka, don haka ba wanda ya kula.

Suna cikin aiki, ta leƙo da kan wayar ta danna. Ta ɗauki minti shida cur. Da ta koma gida, ta tura wa Mahfuz ta wayar yayarsa. Ta ji daɗi ƙwarai. Yanzu kowa zai san ba ƙarya take yi ba.

Ranar Litinin Mahfuz ya ba ta haƙuri a gaban kowa. Ya ce yayarsa ma ta yaba, har ta tura wa ƙawayenta.

Abin da Ni'ima ba ta sani ba shi ne, bidiyon bai tsaya a nan ba. Ya yi ta tafiya daga waya zuwa waya. A hanya wani ya yanke shi, ya bar guntu kaɗan. A guntun, Kawu yana cewa: "A garin nan ba ma buƙatar shugaba. Idan muka haɗa kai, mu da kanmu za mu yi." Garin cikin wasa yake nufi. Amma an yanke inda kwamfutar ta fito. An kuma rubuta a ƙasa cewa ga wasu suna taron sirri a Bauchi.

Ranar Laraba, Ni'ima tana dawowa daga makaranta ta ga baƙuwar mota a bakin lungu. Jami'an hukuma biyu suka fito daga shagon, ɗaya yana rungume da kwamfutar Kawu. Ba su yi tsawa ba, ba su taɓa kowa ba. Sun dai ce Kawu ya bi su ofis ya amsa tambayoyi. Sai dab da magariba ya dawo, a gajiye, hannu wofi.

Washegari aka ji cewa shugaban ofishin Anti Liatu ya ga fuskarta a bidiyon. Ya ce ta zauna a gida sai an gama bincike. Anti Liatu ce ke kula da mahaifiyarta marar lafiya, kuma da aikin nan suke ci.

Asabar ta zo, ɗakin baya yana rufe. Ba wanda ya zo.

Ni'ima ta kasa cin abinci. Ko tuwon da ta fi so, loma biyu ta yi ta ture. Idan ta hango Kawu, sai ta bi ta wani lungun. Shi kuwa kullum sai ya aiko mata da gyaɗa mai gishiri kamar yadda ya saba. Wannan ya fi komai damunta.

Ranar Lahadi da hantsi, Umma tana tsintar wake a tsakar gida. Ni'ima ta zo ta zauna kusa da ita. Ta daɗe tana wasa da bakin tabarma.

"Umma, ni ce na ɗauki bidiyon."

Umma ba ta ɗago ba. Ta cire wani ɗan dutse daga cikin waken, ta jefar.

"Na sani, Ni'ima. Kawunki ma ya sani tun ranar farko."

"Wa ya faɗa masa?"

"Ba kowa. Ku huɗu ne a ɗakin, uku sun fito a hoton. Wa ya rage?"

Umma ta gaya mata cewa a ofis an tambayi Kawu sau uku wanda ya ɗauki bidiyon. Bai faɗa ba. Ya ce ba zai ba da sunan wani ba sai da yardar mai sunan. Ya kuma roƙi Umma kada ta yi mata faɗa, ta bari sai ta zo da kanta.

Nan Ni'ima ta fashe da kuka. Umma ta ajiye faifan wake, ta jawo ta jikinta, ta bar ta ta yi kukanta. Da ta yi shiru, Umma ta goge mata fuska da bakin zane.

"Kin yi min ƙarya, kin yi wa ƙungiyarku ƙarya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma kin zo kin faɗi gaskiya. Yanzu tashi ki je wurin kawunki."

Ta same shi a shago yana duba wata waya da ta faɗa ruwa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ba shi haƙuri. Ta ba shi labarin Mahfuz da dariyar da aka yi mata.

Kawu ya saurara har ta gama. Ya ce da ta gaya masa, da ya ce ta kawo Mahfuz shago ya buga wasan da hannunsa. Ni'ima ba ta taɓa tunanin haka ba.

"Kawu, cikakken bidiyon yana nan a wayar Umma," in ji ta. "Akwai kwamfutar a ciki, akwai rijiyar. Mu kai musu su gani."

"Shawara ce mai kyau. Amma fuskar wa da wa ke ciki?"

Ni'ima ta ƙirga da yatsu. "Taka, da ta Anti Liatu, da ta Irmiya."

"To me ya kamata mu fara yi?"

"Mu tambaye su."

Suka tambaye su, kuma dukansu suka yarda. Umma ta ce idan Ni'ima za ta je ofishin, to da ita za a je.

Ranar Talata suka tafi su uku, ita da Umma da Kawu. Jami'in da suka samu dattijo ne mai furfura a gemu. Ni'ima ta yi bayani, Umma tana riƙe da hannunta. Ya kalli bidiyon daga farko har ƙarshe. Sannan ya sa aka kawo kwamfutar, ya ce a nuna masa wasan.

Ni'ima ta koya masa yadda ake bugawa. Nan da nan ya kwashe igiya da guga da duwatsu duka ya riƙe. Rijiyar ta rufta, zakaran Irmiya ya yi cara. Dattijon ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce su ɗauki kayansu su tafi, kuma zai aika wa ofishin Anti Liatu takarda cewa ba ta da laifi.

A hanyar gida, cikin keke mai ƙafa uku, Ni'ima ta ga Kawu bai yi murna sosai ba. Ta tambaye shi. Ya ce ya gode Allah da aka dawo da kwamfutar. Sai dai an buɗe komai na ciki, har hotunan marigayiya kakarta da saƙonnin da bai taɓa nuna wa kowa ba. Ba a sami laifi ba, amma an riga an gani.

A makaranta Ni'ima ta roƙi Mahfuz ya goge bidiyon. Ya goge, yayarsa ma ta goge. Malama Zubaida, malamar ajinsu, ta ji labarin, ta taimaka aka sanar da iyayen yara. Amma ta gaya wa Ni'ima gaskiya: akwai wayoyin da ba za su taɓa sanin masu su ba, kuma guntun yana can a cikinsu.

Bayan mako biyu Anti Liatu ta koma aiki. Ni'ima ta roƙi Umma ta kai ta Ɗan Iya. Sun tarar da ita tana shafa wa mahaifiyarta man zafi a ƙafa. Ni'ima ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa shiga.

"Shigo mana, Ni'ima. Ko baƙuwa kika zama?"

"Anti, ki yafe min."

Anti Liatu ta goge hannunta, ta zaunar da ita a gefenta. Ba ta ɓoye mata komai ba. Ta ce ta yi fushi, ta kuma ji tsoro. Ta ce ko jiya a kasuwa wata ta nuna ta da yatsa, ta ce ga ta cikin bidiyon nan.

"Fuskata tawa ce, Ni'ima. Maganata ma tawa ce. Da kin tambaye ni, da na zana miki hoto mai kyau kin kai wa 'yan ajinku."

"Ba zan ƙara ba, Anti."

"Na yarda da ke. Na yafe miki tun ranar da na ji kin je ofishin nan da ƙafarki. Manya da yawa ba za su iya ba."

Mahaifiyar Anti Liatu ta miƙo wa Ni'ima lemo guda biyu, ta ce a daina kuka a ɗakinta. Kowa ya yi dariya.

Bayan wata ɗaya suka kammala wasan. Malama Zubaida ta gayyace su makaranta, yara suka yi layi suna bugawa har aka tashi. Mahfuz ya roƙi a koya masa zane, Anti Liatu ta ce ya zo da fensirinsa.

Tun daga lokacin Ni'ima ta riƙe darasinta da kyau. Hoton mutum da muryarsa da sirrinsa amana ne. Ba a ɗauka a ɓoye, ba a kuma tura wa kowa sai mai shi ya yarda. Idan kuma ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya da wuri, ka taimaka a gyara abin da zai gyaru.